Darasin da Malam Ƙamus Ke Turo Mini

Masu cika mini akwatin saƙo da "Nas, ki yi haƙuri, Malam mutumin kirki ne", yau ranarku ce, ku gyara zama. Ke da kika rubuto cewa namiji mai ilimi irinsa ba a tsintarsa a bakin titi, matso kusa, ke na fi so ki ji. In na gama sai ku yi layi ku ɗauke shi, na bar muku har da kwat ɗin.

Ga wanda yau ya fara shigowa, bari in taƙaita masa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a asibiti Nas ake ce mini, a gida kuma Auta. Na samu gurbin ƙarin karatu a kan wankin ƙoda a wata ƙasa, komai ya kammala, abu ɗaya suka ce in kawo, wato shaidar cewa ina jin Ingilishi. Mu kuwa ba da Ingilishi muka yi makaranta ba. Darasi ne da ake mana jefi-jefi, malami ya cika allo mu kwafa, ya goge ya yi gaba, ba mu taɓa jin yadda masu harshen ke furta shi ba. Sau biyu ina zama jarrabawar, sau biyu tana kayar da ni, kuma duk a wuri ɗaya: sauraro da karatu.

Wanda bai taɓa zamanta ba ba zai gane ba. Za a saƙala maka abin ji a kunne, wata mata ta fara magana. Kana kokawa da kalmar farko, ita ta kai ta goma. Kalmomin da na sani sarai a takarda, a bakinta sai su manne da juna, ta haɗiye rabinsu kamar mai magana da loma a baki. Ba a maimaitawa, ba kuma dama ka ce baiwar Allah dakata in numfasa. Karatun kuwa ga nawa salon: yatsa a kan layi, leɓe na motsi, kowace kalma sai na juya ta zuwa Hausa a kaina kafin in wuce. Kafin in kai ƙarshen sakin layi na manta farkonsa, ina komawa baya sai in ji an ce a ajiye biro.

Bayan faɗuwata ta biyu Baba ya kira ni. Baba tsohon direba ne da ya ajiye aiki, mutum mai magana ɗaya, ba ya ƙarya kuma ba ya zama inuwa ɗaya da mai yin ta. Ya ce, "Auta, ba zan hana ki neman ilimi ba, ba kuma zan yi miki dole ba. Amma bawan Allahn nan ya daɗe yana zarya. Ki ba ni magana ɗaya da zan gaya masa."

Ni da bakina, saboda girman kai da haushin faɗuwa, na ce, "Baba, in na sake faɗuwa na haƙura da tafiyar, ka ba shi aurena."

"Kin ji abin da kika ce?"

"Na ji."

Shi ke nan, a wurin Baba an rufe. Masu gurbin ma sun rubuto cewa wannan zaman ne na ƙarshe da za su jira. Jarrabawar kuwa Asabar ɗin nan ce mai zuwa.

Bawan Allahn da ke zarya shi ne malamina. Malam Ƙamus ɗalibai ke ce masa a bayan ido. Shi ke da cibiyar koyon Ingilishi da ke saman shagon masu gyaran waya: ɗaki biyu, kujerun roba, fanka mai kuka, da wata lasifika da aka ɗaure wa ƙugu da salatif. Kwat yake sawa ko ana zafin da kare ke neman inuwa, da tabarau wanda ba na magani ba, na ado ne, don na taɓa leƙawa ta ciki. In zai gaishe da manya sai ya jefa kalma biyu na Ingilishi, sannan ya dafe ƙirji ya ce, "Afuwan, harshen ne ya zame." Gwaggo kuwa nan take ta narke.

Gwaggo ƙanwar Baba ce. Gidanta na bayan namu, amma kujerarta na falonmu. Tun ranar da Malam ya fara zuwa ta naɗa kanta wakiliyarsa, ba albashi ba hutu. "Ke 'yar nan, Turancin da kike wahalar nema ga shi ya biyo ki har gida da ƙafafunsa, me kuma ya rage?" Haka take mini safe da yamma. Umma dai ba ta cewa komai. Mace ce marar yawan magana, ga ciwon gwiwa, aikinta ta goge mini farin kayan aiki ta rataye a bayan ƙofa.

Watannin baya aka mayar da ni aikin yamma, daidai lokacin da ake darasi a cibiyar. Na shiga damuwa, sai Malam ya ce in kwantar da hankalina, zai riƙa turo mini nawa darasin ta waya. Kullum da safe ina buɗe ido zan tarar da saƙonsa:

"Barka da safiya, ɗalibata ta musamman. Ga na yau. Ki saurara da kunnen zuciya."

Kunnen zuciya. A jarrabawa na kai ake tambaya, amma a lokacin har murmushi nake yi.

Ya cire ni daga zauren ɗalibai na waya, wai surutunsu zai raba mini hankali. Ya kawo mini kyautar ƙamus mai kaurin bulo, an naɗe shi da takarda mai ƙyalli, ya kafa mini doka: in ina karatu kada in tsallake kalma ko ɗaya, duk wadda ban sani ba in tsaya in buɗe, in karanta ma'anoninta duka, sannan in ci gaba. Na bi dokar sau da ƙafa. Shafi ɗaya sai ya cinye mini safiya, kafaɗata ta karkace da ɗaukar bulon a jaka.

Sai ga kunnena ya buɗe. Jama'a, ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba. Matar cikin darasin da a da nake tsine wa ta zama ƙawata. Ina shanya ina jin ta, ina cikin mota ina jin ta, tana neman hayar ɗaki, tana tambaya ko akwai wurin ajiye keke, kowace kalma na fita daban tana gaishe ni. In tura amsoshi, Malam ya turo hoton tafi jere. Na fara tafiya a asibiti kamar wadda ta riga ta hau jirgi. Har likitoci na fara gyara wa furuci a zuciyata.

Kuma ba zan ɓoye muku ba, na fara sonsa. Ba so mai hana cin abinci ba, amma so ne. Na riƙa cewa a raina, mutumin da ke tashi da sassafe yana taimakona in tafi, alhali tafiyata asararsa ce, ai wannan shi ne namiji. Kwat ɗin ma ya daina ba ni dariya. Har na fara tunanin in na ci zan ce ya jira ni in dawo.

Shekaranjiya, lokacin hutun rabin aiki, ina zaune a ɗakin ma'aikata ina shan shayi, sai ga Rediyo ta faɗo. Rediyo a ɗakin gwajin jini take aiki, ajinmu ɗaya a wurin Malam, jarrabawarmu ɗaya ranar Asabar. Sunanta ya bi ta, in ta kunnu sai dai a ɗauke wuta. Ta zube a kujera ta cire takalmi.

"Nas, ni dai na sallama. Matar nan mai neman ɗaki ita za ta yi ajalina. Tun safe nake jin ta, abin da na kama kawai ta yi gaisuwa, ta yi ban kwana. Abin da ke tsakani Allah ne masani."

"Wace, mai keke?" na ce, ina juya cokali. "Wannan ai ruwa ce. Kunna in fassara miki."

Ku ji isa. Har kofin na ture gefe don in ba da ilimi.

Ta danna. Ƙararrawar farko ta buga, irin tawa. Mutumin ya yi gyaran murya, irin nawa. Sai matar ta buɗe baki, ta zuba a guje. Na san maganar, na haddace ta ma, amma ko da haka sai da ta bar ni a baya. Kalmomin da ke gaishe ni kullum suka wuce ni ba ko kallo.

"Wayarki ta lalace," na ce.

"Wayata sabuwa ce."

"To kin taɓa wani abu. Ji yadda take."

Na ciro tawa na kunna. Ƙawata ta fara magana a natse, tana ja, tana hutawa tsakanin kalma da kalma. Rediyo ta saurara baki buɗe, sannan ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wannan allurar barci aka yi mata? Ko yanzu aka fito da ita daga tiyata?"

Ban yi dariya ba. Na jera wayoyin biyu a kan tebur. Sunan darasi ɗaya, lamba ɗaya, amma tsawon nawa ya fi nata nesa ba kusa ba. Muka buɗe wani, haka. Muka buɗe na watan jiya, haka. Duk darasin da aka taɓa turo mini an zauna an rage masa gudu, an yi shi da kyau yadda murya ba za ta canza ba, aikin mai haƙuri.

"Wa ke turo miki?" Rediyo ta tambaya, dariyar ta tafi.

"Malam."

"Mu ma Malam."

Idon Rediyo ya sauka a kan jakata, inda bulon ya leƙo.

"Wannan fa?"

Na gaya mata dokar da aka kafa mini.

"Mu da ya ce duk wanda ya gani da ƙamus lokacin karatu sai ya kore shi daga aji? Kullum faɗansa ke nan: ku wuce kalmar da ba ku sani ba, ku kama inda maganar ta dosa, agogo ba ya jiran kowa. Har lokaci yake ɗibar mana."

Na san abin da za ku ce, kuma ku faɗa, na ba ku dama. Wace irin mace ce ke ba kura ajiyar nama, sannan ta riƙa yi mata godiya kowace safiya? Ni ce. Da ilimina, da farin kayana, da shekaruna. Biri ya daɗe yana kama da mutum, ni ina yaba masa kwat.

Na ce Rediyo ta kunna mini wanda ban taɓa ji ba, a gudunsa na gaskiya. Wani mutum ne ke bayani a kan kiwon zuma. Wannan ma daga hoton da ke kan darasin na gane. Na kasa kunne iya ƙarfina, na tsinci kalma nan, kalma can, kamar mai tsintar shinkafa a cikin yashi. Abin ya fi na da muni. Da can kunnena ya saba da gudu ko da ba ya kamawa, yanzu an sangarta shi, an koya masa zama a jira shi. Tsoro ya kama ni sosai.

Na koma bakin aiki, na yi allurai, na canza ledar ruwa, na yi wa majinyata murmushi. Ina cikin haka saƙo ya shigo:

"Gobe ranar hutunki ce, ina tafe bayan la'asar. Asabar ta ƙarato, ɗalibata. Ina alfahari da ke."

Na rubuta, "Allah ya kawo ka lafiya, Malam." Na haɗa masa da hoton fure.

Jiya na yi kwalliya kamar ba ni ba. Na saka doguwar riga ruwan toka mai aiki a wuya, wadda ya taɓa cewa tana mini kyau, na yafa baƙin mayafi, na zizara kwalli, na fesa turaren da nake ɓoyo. Ko rago za a yanka ai ana ba shi ruwa. Na share falo, na gyara fararen ƙyallayen da Umma ke lulluɓe hannun kujeru da su, na goge kabad mai gilashi da kofunan cikinta waɗanda tun ina yarinya ba a taɓa shan komai da su ba. Baba ya fita duba wani abokinsa. Gwaggo kuwa tun azahar ta kama kujerarta, ta ga kwalliyata ta riƙa yi wa labule murmushi.

Ya iso cikin shuɗin kwat da takalmi mai tsini, da ledar lemo a hannu. Harshensa ya zame sau biyu a gaisuwa, Gwaggo ta narke sau biyu. Umma ta amsa gaisuwarsa daga bakin ƙofa ta koma kicin.

"Malam, ina so Gwaggo ta ji irin ƙoƙarin da kake yi a kaina," na ce, na ajiye wayata a kan tebur.

"Ah, ba komai, ba komai. Aikinmu ne."

Na kunna nawa. Ƙawata ta fara jan maganarta. Malam ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana gyaɗa kai, yana bin ta da yatsa a iska.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Wannan ai har ni na kusa ganewa."

"Haka ne, Gwaggo. Ji wannan kuma."

Na kunna wanda Rediyo ta turo mini. Ƙararrawa, gyaran murya, sai gudu. Yatsan Malam ya tsaya a iska. Ya sauke ƙafarsa. Ya cire tabarau ya shiga gogewa da bakin kwat, ya goge, ya sake gogewa, gilashin da babu komai a cikinsa.

"Wannan kuma wace ce mai faɗa?" Gwaggo ta tambaya.

"Ita ce dai. Mace ɗaya, magana ɗaya. Wannan ita zan tarar ranar Asabar. Waccan Malam ne ya dafa mini ita ta yi laushi."

Ya yi gyaran murya. "Wato, abin da ba ki gane ba, hanya ce ta koyarwa. Masana sun tabbatar ana fara wa ɗalibi a hankali, sannan a riƙa ƙara gudu mataki-mataki."

"Na yarda da masana. Yaushe za a ƙara mini nawa gudun? Ranar Lahadi?"

"Kowane ɗalibi da irin…"

"Ƙamus ɗin fa? Su ka hana su taɓawa, ni ka ɗora mini a kafaɗa. Shi ma masanan ne?"

Wannan karon harshen bai zame ba, ko Hausar ma ta gudu ta bar shi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya gangaro ta gefen kunne ya shige wuyan riga.

Sai a lokacin Gwaggo ta iso inda muke. Ta dube ni, ta dube shi, ta tafa hannu a hankali. "Au, wai don kada ki ci ne? To ke 'yar nan, wannan ai so ne. Mutum ya zauna ya ɓata lokacinsa yana gyara miki magana ɗaya bayan ɗaya don kada ya rasa ki? Wasu matan roƙon Allah suke a damu da su haka."

"Gwaggo, in likita ya rage wa majinyaciya magani don ta daɗe a gado yana ganin ta, so ne?"

"Ke dai bakinki ya fi ki girma."

Na juya kansa. Ban ɗaga murya ba, don raini ba ya bukatar ihu. Na ce masa na ɗauke shi malami, ashe mai gadin ƙofa ne. Na ce da ya fito fili ya ce kada ki tafi, ina son ki, da ko ban tsaya ba zan tafi da girmansa. Na ce yanzu Baba zai dawo, kuma zan kunna masa matan nan biyu, ya zaɓi wadda zai ba 'yarsa.

Ambaton Baba ne ya tashe shi tsaye. Ya san Baba. Ya mayar da tabarau, sai ga ainihin mutumin ya fito daga cikin kwat.

"Kafin ki kai ni gaban Baba, ki sani ba ni na kawo shawarar nan ba. Roƙona aka yi. Har ofis aka same ni."

"Wa?"

Ya kalli ƙofar kicin. Na bi idonsa.

Umma ce tsaye a jikin labule, da faranti a hannu, kofuna uku da butar shayi. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ta tako a hankali saboda gwiwa, ta ajiye farantin a kan tebur kusa da wayata, ta gyara zaman murfin butar.

"Malam, ka gaida gida," ta ce. "Gwaggonsu, taimaka ki raka shi ƙofa."

Namijin naku ya fita ko waiwaye babu, ya bar tsohuwa da kayan da suka ɗauka tare. Gwaggo ta bi shi, ta manta takalminta ɗaya sai da ta dawo.

Umma ta zauna a kan darduma ta miƙe ƙafar mai ciwo. Ni ina tsaye, kwalliyata ta zame mini kaya.

"Ni na je," ta ce. "Ban san ana rage wa magana gudu ba, ban san komai a harkarku ba. Cewa na yi, Malam, ka yi duk yadda za ka yi kada ta ci."

"Matakalar nan, Umma? Da gwiwarki?"

"Da gwiwata. Sai da na zauna a hanya kafin in kai sama."

"Me na yi miki?"

Ta murza gwiwar. "Yayanki ma karatu ya ce."

Yaya Babba take nufi, ɗanta na fari. Tun ina makaranta ya tafi ƙarin karatu, ya ce ba zai daɗe ba. Ya yi aure a can, yana da 'ya'ya mata biyu, ba mu taɓa ganinsu ba sai ta fuskar waya.

"Kina wurin aiki yake kira," ta ce. "Ya miƙa musu wayar ya tafi harkarsa. Su yi ta magana, ni in yi ta washe baki. Ranar nan ƙaramar ta zo tana kuka, tana nuna mini hannunta, tana ta faɗa mini. Ban sani ba ƙonewa ta yi, ko faɗuwa, ko wani ne ya dake ta. Ina ta cewa sannu, sannu. Da ta ga ban gane ba sai ta ajiye ni a kan kujera ta tafi, na zauna ina kallon silin ɗinsu. Ke kin ce matar cikin waya na miki gudu. Ni jikokina ne ke mini gudu, Auta, kuma ni babu mai rage mini."

Na zauna.

"Sai ki ba da ni ga wannan?"

"Na ɗauka mutumin kirki ne. Da na roƙe shi, na zaci zai yi mini gardama ko kaɗan. Bai yi ba, kujera ya ba ni." Ta share ido da bakin mayafi. "Ba zan ba ki haƙuri ba, don ban yi nadamar son ki zauna ba. Kunya dai nake ji."

Kun san ni da baki. Na yi wa Malam, na yi wa Gwaggo, na yi wa kaina, ku ma ban bar ku ba. Na lalubi abin da zan gaya wa Umma na rasa. Haushinta nake ji har wuya, don ta sa an ɓata mini watannin da ba za su dawo ba, ta tura ni jarrabawa da kunnen da aka nakasa. Tausayinta kuma ya hana haushin fita. Na zauna ina kallon farin ƙyallen hannun kujera.

Sai muka ji sallamar Baba daga waje, da ƙarar ƙofar gida.

Umma ta ɗago da sauri. "Babanki bai sani ba," ta ce, can ƙasa.

Ba ta roƙe ni komai ba, amma lissafin a fili yake. In na kunna wa Baba darasin nan biyu, kafin shayi ya huce ya soke maganar Malam, ya kuma warware ni daga alƙawarina, ko na ci ko na faɗi. Amma Malam ba zai nutse shi kaɗai ba, yanzu na ga irinsa. Baba kuwa duk zamansu da Umma bai taɓa ɗaga mata murya ba, abu ɗaya ne ba ya yafewa, a yi masa rufa-rufa a cikin gidansa. Gwaggo ba za ta faɗa ba, auren take so. In kuma na yi shiru, Asabar na nan tafe da gudunta, alƙawari na nan a wuyana, mai shuɗin kwat na jira a ƙarshen hanya.

Baba ya shigo yana cire hula. Ya dubi farantin da ba a taɓa ba, ya dubi ledar lemo a gefen kujera, ya dubi kwalliyata, ya dubi Umma a ƙasa.

"Na haɗu da Malam a bakin layi yana sauri, ko tsayawa bai yi ba. Lafiya?"

Umma ta sunkuyar da kai, hannunta a kan gwiwa. Wayata na kan tebur, tsakanina da Baba, dannawa ɗaya ta rage.

Na miƙa hannu na kife ta.

"Lafiya lau, Baba. Darasi ne ya ƙare da wuri."

Ya gyaɗa kai, ya zauna, ya tsiyaya wa kansa shayi a kofin da aka kawo wa Malam. Ya kurɓa, sannan ya dube ni.

"Madalla. Asabar ce dai ko? Maganarmu tana nan?"

"Tana nan, Baba," na ce.